Yaya ake haƙura da littattafan mutanen dā da suka salwanta?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na fara karatun adabin mutanen dā, sai na tarar mafi yawan abin da suka rubuta ya ɓace. Tun da na ji labarin ƙona ɗakin karatu na Iskandariya abin yake cin raina, har karatun ma yakan fita kaina. Yaya ku da kuke wannan fanni kuke haƙura da irin wannan asara?"

Ɗan'uwa, ba zan ce maka ka share ba, domin damuwarka tana kan hanya, kuma asarar ta fi yadda aka ba ka labari. Sofokilis, ɗaya daga cikin manyan marubuta wasan kwaikwayo na birnin Atina, ya rubuta wasanni sama da 120, guda 7 kawai suka iso mana cikakku. Libiyus ya rubuta tarihin Roma a juzu'i 142, muna da 35. Saffo, mawaƙiyar da Girkawa suke ɗaukaka kamar yadda suke ɗaukaka Homa, babban mawaƙinsu, an tattara waƙoƙinta a juzu'i 8 ko 9, amma abin da ya rage yau bai wuce layi 650 ba, galibi guntaye, kuma waƙa ɗaya tak ce ta zo ba gibi. Su ma Larabawa sun san wannan ciwo tun da wuri. Ibn Sallam al-Jumahi ya ruwaito Abu Amr ibn al-Ala, babban malamin lugga na Basra, yana cewa abin da ya iso ga mutanen zamaninsa daga maganar Larabawan farko shi ne mafi ƙarancinsa, da ya zo a cike da an samu ilmi da waƙa masu yawa. Mutumin da ya faɗi haka ya rasu wajen shekara ta 770 Miladiyya. Ka ga kukan ya girme mu da nisa.

Sai dai akwai wani abu a tambayarka da nake so mu gyara tukuna, domin yana cikin abin da yake ƙara maka raɗaɗi. Kana kallon asarar kamar dare ɗaya aka yi ta, wani mugu ya cinna wuta, ilmin duniya ya zama toka. Ba haka aka yi ba, ko a Iskandariyar. Gaskiya ne a shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Yuliyus Kaisar, jagoran yaƙin Roma, ya ƙona jiragen ruwa a tashar birnin, wutar ta ci littattafai. Amma tun a shekara ta 145 kafin Miladiyya wani sarkin gidan Batlamiyus, masu mulkin Masar a lokacin, ya kori malamai daga birnin, darajar wurin ta fara sauka. Bayan Kaisar an ci gaba da karatu a Iskandariya shekaru aru-aru. Unguwar fada, inda babban ɗakin karatun yake, ta sha yaƙi wajen shekara ta 272, sannan aka rushe haikalin Sarafis, inda ƙaramin ɗakin karatun yake, a 391. Shi kuwa labarin da ake yaɗawa cewa Sayyidina Umar ne ya ba da umarnin a ƙona littattafan bayan an ci Masar, ba a same shi a rubuce ba sai wajen ƙarni na 13, kusan shekara 600 bayan lokacin da ake cewa abin ya faru, kuma masana tarihi sun daɗe da yin watsi da shi.

Abin da ya fi wuta kashe littafi shi ne rashin mai kwafa. Mutanen dā suna rubutu a kan takardar bardi, wadda ake yi da wata ciyawar bakin Kogin Nilu, a manna ta ta yi tsawo, a naɗe. Danshi yana cin ta, ƙwari suna cin ta, yawan warwarewa da naɗewa yana karya ta. Naɗin da ya kai shekara 200 ko 300 abin ba da labari ne a wurinsu. Littafin hannu kamar iri yake, in ba a sake shuka shi ba a kan kari, ko ba wanda ya taɓa rumbun zai mutu a ciki. Ke nan ko da ba a taɓa kunna ashana a Iskandariya ba, duk littafin da ba a samu wanda zai zauna ya sake kwafe shi da hannu ba, ƙarni bayan ƙarni, da ya tafi. Kuma kwafa aiki ne mai cin kuɗi da ido da baya. Ba wanda zai ɓata watanni a kan littafin da ba mai tambaya.

Akwai mashigai guda biyu masu ƙunci da adabin Girka ya bi. Na farko lokacin da aka bar naɗi aka koma littafi mai shafuka ɗinkakku, galibi na fata, tsakanin ƙarni na 2 da na 4. Na biyu a ƙarni na 9, da masu kwafa na Kustantiniya suka bar manyan baƙaƙe suka koma ƙananan baƙaƙe masu saurin rubutawa. A kowane mashigi sai an zaɓa: wannan a ƙetarar da shi, wancan a bar shi. Abin da ake koyarwa a makaranta ya ƙetare. Shi ya sa 7 na Sofokilis suka tsira, domin su ne aka riƙa karantar da yara da su. Fotiyus, babban limamin Kiristocin Kustantiniya a ƙarni na 9, ya bar mana bayanin littattafai kusan 280 da ya karanta. Kusan rabinsu yau babu su. A zamaninsa suna nan a kan kanta, shekara ɗaruruwa bayan an daina jin ɗuriyar ɗakin karatun Iskandariya. Haka in ka buɗe Fihirisin Ibn al-Nadim, mai sana'ar littattafai a Bagadaza, wanda ya kammala wajen 987, za ka yi ta wuce sunayen littattafan da ba wanda ya sake ganinsu. Wasu sun tafi a 1258 da Hulagu, sarkin Mongolawa, ya ci birnin, amma da yawa sun riga sun mutu kafin ya iso.

Maganar da ta fi fito da wannan a wurina ita ce wadda ake jingina wa Imam Shafi'i game da Laisu ibn Sa'ad, malamin Masar: cewa Laisu ya fi Malik fiƙihu, sai dai almajiransa ba su tsaya masa ba. Mazhabar Laisu ba wuta ce ta cinye ta ba, ba kuma sarki ne ya hana ta ba. Ba ta samu masu ɗauka ba ne. Akwai kuma wata hanyar mutuwar da ta fi ban tausayi, wato mukhtasari ya kashe uwarsa. In aka taƙaita babban littafi, ɗalibai suka samu sauƙi, sai a daina neman asalin. Sirar Ibn Ishak ba ta iso mana yadda ya tsara ta ba, sai ta hannun Ibn Hisham, wanda da bakinsa ya faɗa cewa ya zubar da wasu abubuwa. Tarihin Libiyus ma taƙaitawa ta taimaka wajen binne shi, don wa zai kwafe juzu'i 142 alhali ga ɗan kundi da ya ba da kan labarin?

Me ya sa na tsaya a nan haka? Domin wanda yake ganin an yi masa fashi ba ya samun kwanciyar rai, kullum yana neman ɓarawo. In ka gane cewa ɓacewa ita ce makomar kowane littafi, tsira ce take buƙatar dalili, sai kallonka ya juya. Ka daina tambayar yaya aka yi sama da 113 na Sofokilis suka ɓace, ka fara tambayar yaya aka yi 7 suka ƙetare shekara 2,400, ta hannun mutanen da yawancinsu ba mu san ko sunansu ba.

Yanzu ga magunguna biyu da ake yawan miƙa wa mai irin damuwarka, waɗanda ban yarda da su ba.

Na farko, a ce maka ai mafi kyawun ne ya tsira, zamani ya tace, abin da ya ɓace dama tarkace ne. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma muna da hujja a hannu. Yurifidis, wani marubucin wasan kwaikwayo na Atina, ya rubuta wasanni kusan 90. Malamai sun zaɓi 10 suna koyarwa. Amma muna da wasu 9 da ba wanda ya zaɓe su. Wani yanki ne na cikakken diwaninsa, wanda aka jera bisa haruffa, ya kuɓuta bisa sa'a, shi ya sa sunayensu duka suke farawa da haruffan da ke tsakanin na 5 da na 10 a abajadin Girkanci. Wani malami a ƙarni na 14 ya samu wannan yanki aka kwafe, kwafin yana Fulorans ta Italiya yanzu. Da aka karanta waɗannan 9, sai ga wani Yurifidis da zaɓin malamai ya ɓoye: mai labarin da yake ƙarewa da farin ciki, mai raha, mai wasa da tatsuniyar da kowa ya sani. Ba su gaza zaɓaɓɓun ba. In haruffa kaɗan sun ba da wannan, me ke cikin sauran? Ƙari a kan haka, wasan Sofokilis da Aristotal ya ɗauka a matsayin abin koyi, wato na Sarki Udib, bai zo na ɗaya ba a gasar da aka fara nuna shi. Wani mai suna Filokilis ne ya ci, kuma ba mu da wasansa ko ɗaya. Shi kansa Aristotal, littattafan da ya goge ya fitar don jama'a, waɗanda Shisharun, marubucin Roma, ya yabi zaƙin salonsu, sun ɓace. Abin da muke karantawa ya fi kama da takardun darasinsa.

Na biyu kishiyar na farko ne, kuma shi ya fi yawo a intanet: wai da ba a ƙona Iskandariya ba da ɗan Adam ya kai duniyar wata tun shekara dubu da ta wuce. Wannan ma zuƙi ne. Littattafan ilmi su suka fi samun masu kwafa, domin ana aiki da su. Lissafin Iƙlidis ya tsira, falakin masanin taurari Batlamiyus ya tsira, kuma abin da ya rage na likita Jalinus ya fi na kowane marubucin Girka na dā yawa. Bayanin da Hiron na Iskandariya ya yi na wata ƙwallo mai juyawa da tururi yana nan, an yi ta kwafarsa, bai haifi jirgin ƙasa ba sai da ƙarfe da gawayi da kasuwa suka haɗu a wani zamani dabam. Ilmin lissafi da na halitta, in ya ɓace, wani zai sake gano shi, domin abin da ake nazari yana nan bai gusa ba.

Abin da ba ya dawowa shi ne murya, kuma nan ne ni raina yake sosuwa. Baitin da Saffo ta yi, ba wanda zai sake yin sa. Mafi muni, muryar waɗanda aka ci da yaƙi. Da Rumawa suka rushe birnin Kartaj na Arewacin Afirka a 146 kafin Miladiyya, sun raba ɗakunan karatunta ga sarakunan yankin, suka sa aka fassara littafi ɗaya kawai, na Mago a kan noma, juzu'i 28. Asalin da fassarar duk sun ɓace, sai abin da wasu suka tsakuro. Yau kusan duk abin da muka sani game da Hanibal, jagoran yaƙin Kartaj, daga bakin maƙiyansa muka ji. Sarki Kalaudiyus na Roma ya rubuta tarihin Itruskawa, wata tsohuwar al'ummar Italiya, a juzu'i 20 da na Kartaj a juzu'i 8, babu ko ɗaya. A 1562 wani limamin Sifaniyawa, Diyego da Landa, ya tara littattafan mutanen Maya a garin Mani na Meksiko ya ƙona, kuma daga dukan rubutun wannan al'umma na littafi guda 4 suka rage. Nan kam wuta ce, da gangan, kuma ba na neman wa kowa uzuri. Irin wannan asara ba a warkewa daga gare ta, kuma ban ga dalilin da zai sa a so warkewa ba. Ita ce take sa mai karatun kirki ya riƙa tambaya, a duk shafin da ya buɗe, wane ne ba a bari ya yi magana ba a nan.

To mene ne yake taimakawa? Bari in ba ka labarin mutumin da abin ya faɗa wa kai tsaye. A shekara ta 192 gobara ta tashi a Roma ta cinye Haikalin Salama da rumbunan ajiya da ke kusa da shi. Jalinus yana da ɗakin ajiya a wurin, ya zaɓe shi ne don ana ganin wuta ba za ta kama shi ba, ga kuma masu gadi. A ciki akwai kayan aikin tiyata da shi ya ƙirƙira, da magunguna masu wuyar samu, da takardun haɗa magani da ya tara a tsawon rayuwarsa, da tsofaffin littattafan da ya gyara da hannunsa baƙi bayan baƙi, da nasa littattafan. Ya ce ya riga ya sa an yi kwafin littattafansa don a kai gidansa da ke yankin Kamfaniya a kudancin Italiya, da wutar ta jinkirta wata biyu da sun tsira. Wani abokinsa ya rubuto yana mamakin yadda aka gan shi bai karaya ba, alhali wani malamin nahawu da ya yi irin wannan asara baƙin ciki ya kashe shi. Jalinus ya amsa da wasiƙa. Ya ce ya koya daga halin mahaifinsa, kuma ya saba wa kansa da tunanin rasa komai tun kafin ya rasa. Ya kawo labarin wani masanin falsafa mai gona huɗu da ya rasa ɗaya, wani ya zo yi masa jaje, ya ce masa kai mai gona ɗaya kake yi wa mai uku jaje? Bai kuma yi da'awar cewa shi dutse ne ba, ya yarda akwai musibar da za ta karya shi. Bayan haka ya zauna ya sake rubuta abin da zai iya.

Ita wannan wasiƙa ma ɓacewa ta yi. An san sunanta, an san 'yan tsakure daga cikinta, shi ke nan. Sai a 2005 wani ɗalibi Bafaranshe, Antuwan Piyetrobeli, yana duba wani kundi a gidan ibadar Kiristoci na Balatadon a Tasalonika ta Girka, ya ci karo da ita cikakkiya.

Ba ita kaɗai ta dawo ba. A 1819 Anjelo Mai ya gano littafin Shisharun a kan tsarin mulki a ɗakin karatun Batikan, a ƙarƙashin wani rubutu, domin an kankare fatar an sake rubutu a kai. Haka aka yi wa masanin lissafi Arkimidis: an kankare kwafinsa a 1229 aka mai da shi littafin addu'a, aka gane shi a Istanbul a 1906, sannan bayan 1998 aka karanta shi da na'urorin haske. Mai kankarewar ya ɓata littafin, amma da bai mai da shi abin da ake buƙata ba da fatar ma ba ta kai yau ba. Littafin Aristotal a kan tsarin mulkin Atina ya fito daga yashin Masar aka buga shi a 1891. Minanda, wanda ya rubuta wasannin barkwanci sama da 100 kuma aka yi shekaru fiye da dubu ba a da ko ɗaya, an samu wasansa kusan cikakke aka buga a 1958. A Nainawa kuwa wutar da ta rushe fadar a 612 kafin Miladiyya ita ta gasa allunan yumɓu na Sarki Ashurbanifal suka yi ƙarfi, har Joj Simit ya karanta labarin ɗufana a jikin ɗaya a 1872.

Wani kaso kuma ya tsira ne don ya sauya harshe. Juzu'i na 5 zuwa na 7 na littafin Abuluniyus a kan lissafin siffofi babu su da Girkanci, sai a fassarar Larabci ta Bagadaza. Juzu'i 4 na littafin lissafin Diyufantus an gano su da Larabci a Mashhad ta Iran a 1968. Hunain ibn Ishak, shugaban masu fassara a ƙarni na 9, ya ba da labarin yadda ya nemi wani littafin Jalinus a kan hujja, ya bi Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar har Iskandariya, bai samu ba sai kusan rabinsa a Dimashƙa, shi ma a hargitse. Bai ce tun da rabi ne ya fasa ba. Ya fassara abin da ya samu. In kana neman wanda za ka yi koyi da shi a wannan fanni, ga shi nan.

Kada dai ka ɗora ranka a kan cewa komai zai dawo. Naɗaɗɗun littattafai kusan 1,800 da aman wutar dutsen Besubiyus ya mai da gawayi a garin Harkulaniyum na Italiya a shekara ta 79, an fara karanta cikinsu ba tare da an warware su ba a 2023, da hoton na'ura da kwamfuta, kuma abin farin ciki ne ƙwarai. Amma yawancin abin da aka karanta daga wannan gida zuwa yanzu falsafar mutum ɗaya ce, Filodimus. Mai jiran Saffo daga can yana iya daɗewa.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne tarin da aka riga aka samu ba a karanta ba. Daga jujin tsohon garin Bahnasa a Masar, wasu Turawan Ingila biyu, Giranfel da Hant, suka fara tono takardu a farkon 1897. An tara guntaye kusan rabin miliyan, suna Oksfod, kuma waɗanda aka buga cikin fiye da shekara 120 ba su wuce 'yan dubbai ba. Allunan yumɓu na Iraƙi da ke gidajen tarihi, da yawansu ba a fassara ba. Littattafan hannu na Larabci da ke Istanbul da Alƙahira da Timbuktu da sauran wurare, wasu ko sunansu ba a shigar a fihirisi ba. A Timbuktu an rasa kimanin 4,000 a watan Janairu na 2013, amma dubban ɗaruruwa sun tsira domin mutane sun kwashe su a akwatuna zuwa Bamako. Yawancinsu har yanzu suna jiran mai karantawa. Littafin da yake a kan kanta ba mai iya karanta shi yana kan hanyar da na Laisu suka bi.

Saboda haka shawarata gare ka ta aiki ce. Kada ka bar karatun. Ka ɗauki harshe ɗaya na dā, Larabci ko Girkanci ko Latin, ka koye shi har ka iya karanta rubutun hannu, ba bugun injin kawai ba, domin masu wannan ƙwarewa sun yi kaɗan a ko'ina. Sannan ka zaɓi marubuci ɗaya da littafinsa ya ɓace, ka bi sawunsa a cikin waɗanda suka ɗauko daga gare shi. Ibn Ishak wuri ne mai kyau na farawa: ka ajiye Ibn Hisham a gefe ɗaya, Ɗabari a ɗaya gefen, ka duba inda Ɗabari ya kawo ruwayar da Ibn Hisham ya zubar, ka tambayi kanka me ya sa ya zubar. A nan za ka koyi bambance maganar marubuci da ta mai ɗauko ta, ka kuma saba da rubuta "a nan akwai gibi" ba tare da ka cike shi da zatonka ba. Kafin duk wannan, ka nemi wasiƙar Jalinus a kan kauce wa baƙin ciki. An fassara ta zuwa Faransanci da Ingilishi, kuma gajeriya ce, zama ɗaya ya ishe ka.